Jirgina yana kifewa da kansa: yadda sabon shiga zai saita joyistik a wasan jiragen yaƙi

Wani ɗan'uwa mazaunin Agege a nan Legas ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Na sayi joyistik na hannu, Logitech Extreme 3D Pro, a Computer Village, na kuma sauke wasan tuƙin jiragen yaƙi na DCS World tunda kyauta ne. Da zarar na ɗaga jirgin Su-25T daga ƙasa sai ya karkata ya kife, wani lokacin ma inji ya ƙara wuta ban taɓa komai ba. Ga jerin umarni ba iyaka, ban san wanda zan ɗora a kan wane maɓalli ba. Wani ya ce in sa lanƙwasa 30 a komai. Sandar ce ta lalace in mayar musu, ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka hau motar Ikeja zuwa Computer Village tukuna. Abin da ka bayyana ya fi kama da matsalar saiti, ba ta sanda ba, kuma ba ta hannunka ba. Amma tunda abubuwa uku ne ake zargi, wato sandar, saitin wasan, da hannun matuƙi, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara taɓa lanƙwasa bai tabbatar da lafiyar sanda ba, rufe ciwo kawai yake yi.

Fara daga wajen wasan. Ka rufe DCS gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl a ɗan akwatin da ya fito. Za ka ga sunan sandarka. Ka zaɓe ta, ka shiga Properties. Akwai wani fili mai kusurwa huɗu da 'yar alamar tarawa a tsakiyarsa, a gefe kuma ga ma'aunai biyu, ɗaya na murɗa sanda, ɗaya na totur. Ka ɗauke hannunka ka zuba wa alamar ido. Idan ta zauna cak a tsakiya, madalla. Idan tana ɗan rawa kamar mai jin sanyi amma ba ta barin wurinta, wannan ba abin tashin hankali ba ne, za mu yi maganinsa a gaba. Sai ka tura sandar a hankali zuwa kowace kusurwa, ka tabbata alamar ta kai bango a duk ɓangarorin huɗu, kuma tana bin hannunka sumul, ba ta tsalle daga nan ta dira can. Ka saki sandar daga dama, ka sake sakinta daga hagu, ka duba ko wuri guda take komawa. Ka murɗa ta hagu da dama, ka ɗaga totur ka sauke, ka danna maɓallai 12 ɗin nan ɗaya-ɗaya ka ga fitilar kowanne ta kama.

Tsalle shi ne mugun alama. Irin wannan sanda tana gane motsi ne da wata 'yar na'ura irin ta bolum ɗin rediyo, inda wani ɗan ƙarfe ke goga wani layin baƙin gawayi. Yau da gobe layin yana cinyewa, ga kuma laimar Legas da iskar teku mai gishiri suna taimaka masa, musamman kayan da suka daɗe a sito. Sandunan da ke aiki da maganaɗisu, irin su Thrustmaster T.16000M a motsin gaba da baya da na gefe, ko VKB Gladiator, ba sa wannan gogayya, shi ya sa suka fi tsada. Kafin ka yanke wa taka hukunci, ka yi gwaji biyu masu sauƙi. Ka cire ta daga mahaɗar USB mai baki da yawa, in da ita kake amfani, ka soka ta kai tsaye a jikin kwamfutar. In kuma laftof ce, ka zare caja ka sake kallon alamar. Caja marar kyau ko wutar janareta da ba ta da waya ta ƙasa tana iya sa alamar rawa alhali sandar lafiyarta ƙalau. Idan duk da haka tana tsalle, ko ba ta kaiwa bango, to a nan ne za ka mayar. Kuma duk wanda zai sayi sanda ta hannu, a Otigba ne ko a Alaba, ya nemi a jona masa ita a kwamfuta ya yi wannan gwaji a gaban mai shago. Bai fi minti biyu ba.

To mu ɗauka ta ci jarrabawa. Yanzu ga inda nake kyautata zaton ɓarnar take. DCS yana da wata ɗabi'a: duk na'urar da ya gani a jone, sai ya ɗora mata umarnin tuƙi da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. In akwai hannun gem na buga ƙwallo a jone, ko wani kibod na 'yan wasa da Windows ke ɗauka a matsayin abin tuƙi, to shi ma an ba shi hanci da fiffike da totur. Sai ya zama matuƙa biyu ne a kujera ɗaya. Kai ka ja sanda, hannun gem da ke kwance a kan gado ya ɗan girgiza, jirgi ya bi umarninsa. Injin da ke ƙara wuta da kansa kusan kullum daga nan yake.

Ka shiga Options, sannan Controls. A sama ta hagu ka zaɓi Su-25T, domin kowane jirgi da nasa saitin, abin da ka gyara wa wannan bai shafi wancan ba. A jerin rukunai ka zaɓi Axis Commands. Za ka ga tebur: umarni a jere daga sama zuwa ƙasa, na'urori kuma kowace da layinta na tsaye. Ka bi layin kowace na'ura da ba sandarka ba, duk gurbin da ka ga rubutu a ciki ka zaɓe shi ka danna Clear. Layin maus kaɗai za ka ƙyale, abin da ke ciki na juya kallo ne. A layin sandarka abu huɗu kawai nake so su rage. Pitch, wato ɗaga hanci da sauke shi, ya zama JOY_Y. Roll, wato karkata fiffike, JOY_X. Rudder, abin da ke kaɗa wutsiya, JOY_RZ, wato murɗa sanda. Thrust kuma a kan ɗan totur ɗin da ke gindin sandar, wanda zai fito da sunan JOY_SLIDER1. Ka lura da wani tarko a nan. Su-25T inji biyu gare shi, saboda haka akwai Thrust Left da Thrust Right a jerin. Mai totur ɗaya ba ruwansa da su, su zauna fanko. In ka ɗora totur a kan na hagu kaɗai, inji ɗaya ne zai yi ta turi, jirgi ya yi ta jan gefe tun a kan titi.

Bayan haka ka shiga jirgi yana tsaye a fili, ka danna Ctrl na dama tare da Enter. Wani ɗan jan akwati zai fito a gefen sikirin yana nuna abin da wasan ke karɓa daga hannunka. Wannan akwati ya zama abokinka a makonnin farko. Ka ja sanda zuwa cikinka, ka sunkuyar da kallo ka ga sandar da ke ɗakin matuƙi ita ma ta zo baya. Ka tura totur, ka ga ya yi gaba. Wanda ya yi akasin haka, ka koma ka zaɓi gurbinsa, ka buɗe Axis Tune, ka sa alama a Invert. Jan sanda baya shi ke ɗaga hanci a kowane jirgin duniya, kada ka juya shi don wai haka ka saba a wasan waya.

A cikin Axis Tune ɗin nan ne lambobin da ake ta gardama a kansu suke. Na farko Deadzone, wato ɗan filin tsakiya da wasan zai yi biris da duk motsin da ke cikinsa. Amfaninsa guda ne: ya haɗiye waccan rawa da ka gani a joy.cpl. Hanyar sa shi ita ce ka saki sanda, ka riƙa ƙara lambar ɗaya-ɗaya har ɗigon da ke nuna abin da jirgi ke karɓa ya daina motsi, sai ka tsaya nan. A sanda irin taka yawanci tsakanin 2 da 5 ya wadatar. Kada ka zarce don neman kwanciyar hankali. Ka taɓa zama gaban tsohuwar danfo ka ga direba yana ta kaɗa sitiyari hagu da dama mota ba ta amsa ba, sai can ta fizga? Haka jirgi ke zama in filin ya yi faɗi, kuma wurin da ya mutu ɗin nan shi ne daidai inda ake saita bindiga. Murɗa kaɗai nake yarda a ba ta fili mai ɗan yawa, kamar 8 zuwa 10, saboda duk lokacin da ka ja sanda da ƙarfi wuyan hannunka yana murɗa ta ba ka sani ba, jirgi ya riƙa tafiya a karkace. Totur ba ya buƙatar ko ɗaya.

Sai lanƙwasar da aka ba ka shawara, wadda a sikirin aka rubuta Curvature. Wanda ya ce ka sa ba ƙarya ya yi ba, amma rabin labarin ya faɗa maka. Sandar jirgin gaske doguwa ce, daga ƙasan ɗaki take tasowa har tsakanin gwiwoyin matuƙi, don haka hannunsa yana da tafiya mai nisa kafin ya kai ƙarshe. Taka kuwa gajeriya ce a kan tebur, amma duk ikon da waccan ke da shi an matse shi a cikin 'yar tafiyarta. Motsin da bai kai faɗin yatsa ba a hannunka, babban motsi ne a fiffike. Lanƙwasa tana sassauta tsakiya: ka motsa sanda kaɗan, jirgi ya amsa ƙasa da kaɗan ɗin. Sai dai abin da ta rage a tsakiya ba ɓata yake yi ba, tura shi take yi zuwa ƙarshe, tunda dole in sanda ta kai bango umarni ya cika. Wato gwargwadon laushin tsakiya, gwargwadon kaifin gefe. Kuma a faɗan sama, lokacin da kake lanƙwasa kwana kana jan jirgi dab da iyakarsa, hannunka ba a tsakiya yake ba, yana can cikin wurin da ya yi kaifi. Ƙari kaɗan sai fiffike ya wuce kusurwar da iska za ta iya riƙe shi, ɗaya ya saki, jirgi ya wuntsila. Masu sa 30 ko 40 a komai suna jin daɗin tafiya a miƙe, amma su ne ke faɗuwa a kwana suna zagin jirgin.

Ni abin da nake ba sabon shiga mai gajeriyar sanda shi ne 15 a hanci, 10 zuwa 15 a fiffike, 25 a murɗa, sifiri a totur. Ba wahayi ba ne, mafari ne. Muhimmin abu shi ne in ka sa, ka bar su haka na aƙalla mako biyu. Hannu yana haddace nisa ne, in kullum kana canza masa ma'auni ba abin da zai riƙe. Bayan nan in za ka taɓa, ka rage, kada ka ƙara. Akwai kuma Saturation guda biyu a wurin. Na Y yana yanke ƙarshen ikon jirgi, in ka mayar da shi 80, ko ka ja sanda ta kai bango kashi 80 cikin 100 kawai za ka samu, ranar da ƙasa ta taso maka za ka nemi sauran ka rasa. Ka bar shi a 100. Na X yana da amfani ɗaya tak: idan sandarka ba ta kaiwa bango sosai, ka rage shi kaɗan har ta riƙa cikawa.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma ya fi duk waɗannan lambobi: tirim. Jirgi ba ya zama a daidai shi kaɗai. Gudu ya ƙaru, hanci ya nemi sama. Gudu ya ragu, ya nemi ƙasa. Ka sauke tayoyi ko filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa wajen tashi da sauka, ma'auni ya canza. Ka harba makami daga fiffiken dama, na hagu ya fi nauyi, jirgi ya fara kwantawa can. Su-25T kuwa jirgi ne mai ɗaukar kaya da yawa a ƙarƙashin fukafukai, wannan canji a kansa ba ɓoyayye ba ne. Tirim shi ne abin da matuƙi ke taɓawa don ya matsar da "tsakiyar" jirgin zuwa inda yake so, ya huta da riƙon sanda. In ba ka yi ba, kullum kana kokawa da ƙarfen da ke mayar da sanda tsakiya, hannu ya gaji ya fara karkarwa, kuma kana zaune a wajen wurin laushin da ka wahala ka saita. Ka ga ke nan lanƙwasa ba ta da amfani ga wanda ba ya tirim. Ƙa'idar ita ce: ka fara kai hanci inda kake so da sanda, ka riƙe, sannan ka riƙa taɓa tirim taɓi-taɓi kana sassauta hannu, har ka saki jirgi bai motsa ba. Ba a tuƙi da tirim, kuma ba a danne shi a riƙe. Sannan ba a gamawa da shi. Duk sanda totur ya motsa, babban yatsa ya koma bakin aiki.

Wannan ya kawo mu kan maɓallai, inda ka ce jerin ya fi ƙarfinka. Ya fi ƙarfin kowa, kuma ba a ce ka cike shi ba. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowane umarni: shin ina buƙatarsa a lokacin da idona ke waje kuma ba zan iya kallon kibod ba? In e, ya hau sanda. In a'a, ya zauna inda yake. Tayar da inji, rufe murfin ɗaki, fitilu, sauke tayoyi da G, buɗe laimar birki da P, taswira da F10, duk waɗannan kana da sukunin neman su da ido. Fita da kujerar tsira kuwa kada ta kusanci sanda ko da wasa.

Ga yadda zan raba taka. Kunama, harbi. Maɓallin gefe da ke ƙarƙashin babban yatsa, kama abin hari, wanda a kibod Enter ne. Daga cikin huɗun da ke kan sandar, biyu na hagu su zama tirim na hanci, sama da ƙasa, ba tare da haɗi da komai ba, saboda su za ka fi taɓawa. Na dama guda ya zama canza makami, gudan kuma sakin tartsatsin da ke yaudarar makamai masu bin zafi. 'Yar hular nan mai motsi ta fuska takwas a bar ta a kan kallo, kamar yadda wasan ya sa ta. Shida na gindi na hannun hagu ne, tunda dama yana nan kusa da totur: biyu na zuƙo kallo da mayar da shi, ɗaya birkin taya, ɗaya filaf, ɗaya birkin iska. Na ƙarshe, wanda yatsanka ya fi saurin samu ba tare da dubawa ba, shi za ka mayar mabuɗin ninki. A ƙasan shafin Controls akwai Modifiers. Ka ƙara wannan maɓalli a can, daga nan duk abin da ka danna tare da shi ya zama sabon umarni. Da shi hula za ta zama abin juya kyamarar hari, tirim biyun nan su zama na fiffike, canza makami ya zama zaɓen bindigar jirgi, kama abin hari ya zama kunna leza. Ninki ɗaya ya ishe ka yanzu. Na ga masu ninki uku da takarda manne a bango, in wuta ta yi wuta takardar suke karantawa har a kakkaɓo su.

Don ka ga dalilin wannan rabo, bi hari guda da ni. Kana tafe a mita 2000 a kan taswirar Kokeshas, ɗauke da makaman Vikhr, ka riga ka danna 7 don yanayin harin ƙasa, ka danna O kyamarar Shkval ta kunna a ɗan talabijin ɗin da ke damanka. Waɗannan biyun tun daga nesa ake yinsu, shi ya sa suke kibod. Ka rage totur, ka sunkuyar da hanci kaɗan, babban yatsa ya taɓa tirim sau biyu ko uku jirgi ya natsu. Hannun hagu ya danne ninki, yatsa ya tura hula har alamar ta hau kan tankar. Ka saki ninki, ka danna kama abin hari. Ka sake danne ninki, ka danna kama abin hari tare da shi, leza ta kama. Izinin harbi ya fito, ka matsa kunama. Vikhr hasken leza yake bi, saboda haka ba za ka juya ka gudu ba, dole ka riƙe hanci wajen abin harin har ya sauka, jirgin kuma yana neman karkata saboda nauyin gefe guda ya ragu. Can sai ka hango farin hayaƙi ya taso daga bakin daji. Tartsatsi, tartsatsi, ka kwantar da fiffike, ka ja. Tun daga rage totur har wannan lokaci hannun dama bai bar sanda ba, ido bai sauka kan kibod ba.

Maganar kallo kuwa, hula maneji ce kawai. A faɗan jirgi da jirgi wanda ya daina ganin abokin gaba ya gama yawo, kuma babban yatsa ɗaya ba zai iya kallo da tirim a lokaci guda ba. Na'urar TrackIR ita ce sananniya wajen sa kallo ya bi motsin kai, amma da tsada, kuma ba ko'ina ake samunta a nan ba. Akwai manhaja ta kyauta, OpenTrack, wadda ke iya bin fuskarka da kyamarar kwamfuta ta yau da kullum, in dai akwai haske a ɗakin. Ranar da ka sa ta ta zauna, sai ka kwashe tirim gaba ɗaya ka mayar kan hula, kamar yadda yake a jiragen yaƙi da yawa na gaske, maɓallai biyu su dawo maka. In kuɗi ya shigo, a ganina wannan ne farko, sai totur mai zaman kansa, sai feda ta taka ruda. Sanda mai tsada ita ce ta ƙarshe.

Ɗayan jirgin da DCS ke bayarwa kyauta bayan Su-25T, TF-51D, wato Mustang mai kujera biyu marar makami, kada ka kwafa masa saitin nan ido rufe. Jirgi ne mai farfela da tayar wutsiya. In ka tura totur, ƙarfin farfela yana fizgar hanci hagu, sai an taka ruda ta dama, kuma ana sa tirim ɗinta dama tun kafin a taso. Sanda a baya ita ke kulle tayar wutsiya. Da murɗa wannan aiki yana da wuya, don haka ba abin kunya ba ne ka bar taimakon tashi da ke shafin Special a kunne da farko, ka riƙa rage shi. Jiragen zamani kuma wani sha'ani ne daban, kwamfuta ce ke tsakanin hannu da fiffike. Sandar F-16 ta gaske da ƙyar take motsi, ƙarfin matsi take aunawa. Irin waɗannan ba sa son lanƙwasa mai yawa, kuma tirim ɗinsu kaɗan ne, amma suna cin maɓallai saboda rada da makamai. Na san da yawa daga cikinmu JF-17 ke jansu, tunda rundunar sojin saman Najeriya ta karɓi guda uku a Makurɗi a 2021, kuma yana nan a DCS na sayarwa. Haka L-39, irin wanda ake koyar da matuƙa da shi a Kano. In za ka bi ta tawa, L-39 ya fi dacewa da sanda mai maɓalli 12, kuma zai koya wa hannunka abin da JF-17 zai ɓoye maka.

In wata rana ka leƙa wasan IL-2 Sturmovik, tsarin tunanin ɗaya ne, sai dai a can kula da inji ke cin maɓallai, kuma ka sani jirgin Bf 109 ba shi da tirim na ruda da ake taɓawa a sama, tirim na hanci kuwa duk shimfiɗar wutsiyar ake ɗagawa da saukewa. Wasan War Thunder kuwa, a matakansa biyu na farko masu maus sun fi ka sauƙin saiti. Sanda sai a matakin Simulator take da daraja.

Saura hannu da wurin zama. Sanda ta zauna daidai tsayin gwiwar hannunka, damtse a sake, kada ta zama can sama kana miƙa kafaɗa. In tana zamewa a kan tebur, ka sa mata shimfiɗar roba ko ka ɗaure ta, ko mai walda na unguwa ya haɗa maka 'yar kujerarta. Riƙo na yatsu ne, ba na damƙa ba. Sannan in ka ga hanci yana sama da ƙasa, kana gyarawa yana ƙaruwa, to gyaranka ne ke zuwa a makare yana ƙara wa lilon ƙarfi. Ka tsayar da hannu wuri guda na daƙiƙa biyu, zai lafa. Kwamfuta mai nauyi tana haddasa wannan ko ga gwani, domin in hotuna suka gaza 30 a daƙiƙa, abin da kake gani ya riga ya wuce. Rage inuwa da gajimare da nisan gani ya fi kowace lanƙwasa magani a nan.

Gwajin farko kada ya zama daga ƙasa. Ka zaɓi aikin da ke farawa a sama, ba makami, ba abokin gaba, ka fita kan Baƙin Teku wajen Batumi inda ba dutsen da za ka daka. Ka tsaya a gudun kilomita 500 a awa, ka yi tirim har ka iya sakin sanda ka ƙirga goma. Ka rage zuwa 400 ka sake, ka hau 600 ka sake. Sannan kwana mai sauƙi hagu da dama ba tare da tsayi ya canza ba. Sannan ka zaɓi wani tsauni a bakin gaɓa, ka ɗora masa alamar bindiga, ka riƙe ta a kansa. In waɗannan sun samu, ka koma titi ka gwada tashin da ya gagare ka, kana jan sanda a hankali, ba fizga ba.

Abu na ƙarshe, saboda halin wutarmu: DCS ba ya adana abin da ka saita sai ka danna OK a ƙasan shafin. Ka riƙa dannawa bayan kowane rukuni, kada NEPA ta ɗauke da aikin awa guda. In ka gama, ka shiga babban fayil ɗin Saved Games a kwamfutarka, ka buɗe DCS, sannan Config, ka kwafi Input gaba ɗaya zuwa filasha ko wayarka. Sunayen fayilolin ciki suna ɗauke da lambar shaidar da Windows ya ba sandar, kuma lambar tana iya canzawa in ka sake loda Windows, wani lokacin ma in ka canza ramin USB. In haka ta faru za ka tarar da shafin kamar ba ka taɓa shi ba. Ka zaɓi layin sandar, ka danna Load Profile, ka nuna masa tsohon fayil ɗin jirgin, komai zai dawo. Ramin da ka fara soka ta kuma ka ɗan manna masa salatif, ya zama nata.